Kowa na son sunansa a jikin gini

Rigimar a guruf ɗinmu na WhatsApp ta fara, guruf ɗin 'yan ajinmu da muka gama karatun injiniya tare, wanda da can ba abin da ake turowa ciki sai barka da safiya da tsofaffin hotunanmu lokacin da kowa ke da gashi a ka. Wata rana sai ga takarda daga shugaban tsangayarmu, wai an ƙaddamar da gidauniya, ana roƙon tsofaffin ɗalibai kowane aji ya ɗauki aiki guda ya yi wa makaranta. To ka san mutanenmu, kafin a yi awa biyu an kafa kwamiti an naɗa ma'aji an buɗe asusu, ni kuma da ban ce uffan ba sai na wayi gari na ga an rubuta ni sakatare, wai don ni ne mai yawan rubutu.

Shawara ta farko da ta fito ita ce a gina wa tsangaya babbar ƙofar shiga, mai ginshiƙai biyu da allo a sama a rubuta shekarar da muka fita. Nan da nan aka fara turo zane, ai guruf ne cike da injiniyoyi, kowa ya tuna shi ma ya iya zane. Ni dai na ce a dakata tukuna, bari in je in ga makarantar da idona, tunda gani ya kori ji, kuma rabona da wurin an daɗe.

Da na je ban tsaya ofishin kowa ba, ɗakin gwaje-gwajen ƙarfe na wuce kai tsaye, saboda nan ne wurin da na fi tunawa. Wanda bai yi karatun nan ba bari in ɗan yi masa bayani. Akwai wani ƙaton inji da ake gwada ƙarfin ƙarfe da shi, za a ɗauko sandar ƙarfe da aka fiƙe tsakiyarta ya fi bakinta siranta, a maƙala kanta sama a maƙala gindinta ƙasa, inji ya fara ja a hankali. Da farko ba ka ganin komai sai allurar ma'auni tana hawa, can sai allurar ta ɗan yi jim kamar tana shawara, wannan shi ne lokacin da ƙarfen ya sallama, daga nan ko an sake shi ba zai koma tsawonsa na da ba. Sai ka ga tsakiyar sandar tana tsukewa tana yin wuya kamar kwalba, kowa ya yi tsit, sai kawai ka ji ƙas! ta tsinke, 'yan aji duk mu zabura duk da mun san za ta tsinke. In ka taɓa bakin da ya tsinken za ka ji shi da ɗumi. Wallahi abin da na koya a wannan minti biyar ɗin ya fi abin da na haddace a lakca goma, don tun ranar in na ga rodi a jikin gini ina ganin inda zai sallama.

Na tarar da injin yana nan inda na bar shi, an lulluɓe shi da leda, ƙura ta hau. Shi ma mai kula da ɗakin yana nan, dattijon da muke kira Baba tun muna ɗalibai, ya ƙara tsufa amma farar rigar aikinsa fes kamar kullum. Muka gaisa, ya dube ni ya dube ni ya ce, ai kai ne wanda ya taɓa manta makulli a jikin injin fiƙe ƙarfe ko? Na ce ni ne Baba, Allah ya huci zuciyarka. Na tambaye shi injin fa? Ya ce lafiyarsa ƙalau, ƙarfen jikinsa zai iya kai jikokinmu, abin da ya kwantar da shi robar da ke tare mai ce ta lalace tana yoyo, sai kuma na'urar da ke auna ƙarfin ja ta daɗe ba a saita ta ba, ko an tayar da shi lambar da zai bayar ba abin yarda ba ce. Na ce to ɗalibai fa, yaya suke yi? Sai ya buɗe durowa ya ɗauko wata tsohuwar sanda da aka tsinka tun zamanin baya, ya ce wannan nake zagayawa da ita su taɓa, sai malaminsu ya kunna musu bidiyo a kwamfuta, su kwafi lambobin 'yan shekarun baya su rubuta rahoto.

Na fito ina tafe ina lissafi, kuɗin da zai tayar da injin nan bai kai kuɗin fentin ƙofar da muke shirin ginawa ba.

Da na kawo maganar guruf sai aka yi min ca. Wani abokina, mutumin kirki ne kuma shi ya fi kowa yin alƙawari mai tsoka, ya ce Injiniya kai ma ka san ba wanda zai ciro kuɗinsa don a sayi roba da man inji, mutum yana son in ya kawo 'ya'yansa ya nuna musu ya ce ga abin da muka yi. Ban ji haushinsa ba don gaskiya ya faɗa, haka ɗan Adam yake ko'ina, kuma su jami'o'in da suka ƙware a neman taimako sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke sayar da suna. Duba Amurka, inda harkar ta fi bunƙasa. A 2004 Andrew Viterbi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Qualcomm, ya ba jami'ar Kudancin Kalifoniya dala miliyan 52, tsangayar injiniyarsu ta koma amsa sunansa. A 2015 Chandrika Tandon da mijinta Ranjan suka ba jami'ar New York dala miliyan 100, ita ma tsangayar ta zama ta Tandon. Ana sa sunan mutum a gini, a ɗakin lakca, a kujerar farfesa, har benci a bakin hanya akwai kuɗinsa. Ni ban ga laifin wannan ba, in dai suna ne zai sa mai shi ya saki hannu to a rubuta da manyan baƙi.

Amma dai ba kowa ne haka ba. A 1912 wani mutum ya ba MIT, shahararriyar jami'ar injiniya da kimiyya ta Amurka, dala miliyan biyu da rabi don su gina sabon mazauninsu a garin Cambridge na can Amurkan, ya ce kar a faɗi sunansa, aka riƙa kiransa Mista Smith, jaridu suka yi ta canke-canke har sai 1920 aka bayyana ashe George Eastman ne mai kamfanin Kodak, mutumin da ko karatu bai yi a makarantar ba, ya dai ga ingancin injiniyoyin da take yaye masa suna aiki a kamfaninsa. Yanzu akwai allon tagulla mai hoton fuskarsa a jikin bango can, ɗalibai suna shafa hancinsa kafin jarrabawa har hancin ya yi ƙyalli. Shekara takwas yana ɓoye kansa, ƙarshe da hancinsa aka san shi.

Labarin da ya fi tsaya min a rai kuwa na Henry Rowan ne, kuma shi na tura guruf da daddare lokacin da gardama ta yi zafi. Shi injiniyan lantarki ne, MIT ya gama, ya kafa kamfanin Inductotherm mai ƙera tanderun narka ƙarfe da wutar lantarki. Akwai wata ƙaramar kwalejin gwamnati a jihar New Jersey kusa da inda kamfaninsa yake, Glassboro State College, wadda aka fi sani da horar da malaman makaranta, ko sashen injiniya ba ta da shi. Ɗan ƙaramin taimako suka je nema wurinsa da farko. A 1992 shi da matarsa Betty suka ba su dala miliyan 100, wanda a lokacin ba a taɓa ba wata makarantar gwamnati a Amurka irinsa ba, da sharaɗin a buɗe tsangayar injiniya mai inganci. MIT ɗin da ya yi ita ma tana neman kuɗi, amma ya duba ya ga can kuɗinsa ɗigo ne a teku, nan kuwa zai canja makarantar gaba ɗaya. A 1996 aka ɗauki ɗaliban injiniya na farko, yau sunanta Jami'ar Rowan. Sai ka haɗa wannan da abin da ya faru a 2015, da John Paulson, attajirin da ya yi kuɗinsa lokacin da kasuwar gidaje ta Amurka ta rushe, ya ba tsangayar injiniya ta jami'ar Harvard dala miliyan 400, alhali a lokacin asusun Harvard ya haura dala biliyan 35. Kuɗinsa ne, ba wanda zai hana shi, kuma na tabbata an yi aiki da su, amma mutane da yawa sun yi ta surutu a lokacin kuma ni ma ina tare da su, wannan ai ƙara wa Barno dawaki ne.

Abokina ya ce to mu da ba mu da miliyan ko ɗaya na dala me ya haɗa mu da su Rowan? Na ce tambayar da ya yi wa kansa ita ce tamu, ina ne ɗan abin da ke hannunmu zai fi yin nauyi. Ƙofa dai ɗalibai suna shiga suna fita ta wadda ke akwai ba wanda ya taɓa maƙalewa.

Akwai abin da waɗanda ba su yi karatun injiniya ba ba sa lura da shi, har da wasu masu bayarwa da zuciya ɗaya. Tsangayar injiniya ba kamar sashen da allo da alli da littafi suka wadatar ba ce, ita kullum cikin ci take. Duk gwajin da aka yi an lalata wani abu. Sandar ƙarfen nan in ta tsinke ta tafi kenan, sai an fiƙe wata. 'Yan sashen gine-gine sai sun kwaɓa kankare sun zuba a ma'auni sun jiƙa shi cikin ruwa kwana 28 sannan su murƙushe shi a inji don su san ƙarfinsa, gobe wasu su sake kwaɓa wani. 'Yan lantarki suna ƙona ƙananan kayan haɗi kamar ba gobe, kuma dole a bar su su ƙona, da haka ake koyo. Ga waya ta walda, ga haƙoran injin yanka da ke dakushewa, ga na'urorin awo da ake son a riƙa saita su lokaci-lokaci in ba haka ba su riƙa yi maka ƙarya da fuska a sake, ga manhajojin zane da lissafi da lasisinsu ke ƙarewa duk shekara. Sannan uwa uba ga mutum irin Baba, wanda ya san kukan kowane inji, in ya yi ritaya ba a horar da wani a ƙarƙashinsa ba to ɗakin ya mutu ko da kayan ciki sababbi ne dal. Duk wannan ba abin da za a yanka kirtani a ɗauki hoto a kansa, shi ya sa ba ya samun mai so.

Har kyautar kaya ma wani lokaci wahala take zama. A kusurwar ɗakin Baba ya nuna min wasu na'urori da wani kamfani ya taɓa turowa daga waje bayan ya sayi sababbi, an yi biki an yi godiya, da aka zo kunnawa sai aka ga an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin 110, tamu kuwa ta ninka haka, ba littafin bayani, kamfanin da ya ƙera su ya daina yin kayan gyaransu. Suna nan sun cinye wuri, ba a amfani da su kuma ba mai ikon jefar da su tunda suna cikin rajistar kayan makaranta. Baba ya ce da sun tambaye ni kafin su turo da na ce su aiko da kuɗin jirgin kawai.

Shi kansa ginin in ba a yi hattara ba yana iya cinye makaranta. A birnin New York akwai Cooper Union, wadda Peter Cooper ya kafa a 1859, makarantar injiniya da zane da ta shahara da cewa duk wanda ta ɗauka ba ya biyan kuɗin karatu, dukiyar da aka bar mata ce ke ɗaukar nauyi, har filin da dogon benen Chrysler ke kai nata ne. Suka ciyo bashin dala miliyan 175 suka gina wani katafaren gini na zamani da aka buɗe a 2009, ga kuma karayar tattalin arzikin da ta zo a daidai lokacin, abubuwa suka taru suka yi musu yawa, a 2014 suka fara karɓar kuɗi daga sababbin ɗalibai. Ginin kam yana da kyau a hoto.

Da na ga dai gyaran inji sau ɗaya ba zai raba mu da matsalar ba, tunda robar da aka sa yau ita ma wata rana za ta gaji, sai na kawo shawarar waƙafi, kuma a nan ne aka fara saurarona don kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da manyan jami'o'in nan ke yi kenan, ba sa taɓa uwar kuɗi, juya ta ake yi, abin da suke cirewa a shekara bai cika wuce kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ba, ragowar ribar a mayar ciki don kar tsadar kaya ta cinye darajar asusun. Lissafin mai sauƙi ne amma yana sanyaya jiki, in kana son asusu ya riƙa biyan wata hidima har abada a kan kashi 4, sai ka tara ninki 25 na abin da hidimar ke ci a shekara. Muka buga muka ga abin da muka tara ba zai riƙe tsangaya ba, ba zai riƙe sashe ba, amma zai iya riƙe ɗaki ɗaya, ɗakin Baba, man inji da sandunan gwaji da kuɗin mai zuwa saita ma'auni, in kuma ajin da ke bayanmu suka ga abin ya yi kyau su ɗauki ɗakin da ke kusa.

Neman kuɗin kansa kuma wani karatu ne da ba a koya mana a aji ba. Abu na farko da na gane, alƙawari daban kuɗi a asusu daban. Ranar da aka buɗe gidauniya kowa ya rubuta adadi mai daɗin ji, bayan wata biyu ma'aji ya fitar da lissafi sai ga shi abin da ya shigo bai kama ƙafar abin da aka faɗa ba, kuma ba mugunta ba ce, wani hidima ta taso masa, wani ya manta, wani yana jira ya ga ko da gaske ake. Sai da na koma bin mutane ɗaya bayan ɗaya a waya, don saƙon da aka tura wa mutum ɗari kowa yana ɗauka da maƙwabcinsa ake. Na kuma gane dalilin da ya sa ƙwararru a harkar ba sa shelanta gidauniya sai sun riga sun tattara kaso mai kauri a ɓoye daga manyan masu bayarwa, saboda mutum ba ya son zuba kuɗinsa a rijiyar da bai ji ƙarar ruwa a ciki ba. Mu mun yi ta baibai, muka yi shela asusu na wayam. Abin da ya cece mu shi ne wata 'yar ajinmu, ɗaya daga cikin mata ƙalilan da muka yi karatu da su, yanzu tana da kamfaninta, ta ce duk abin da aka tara cikin mako biyu za ta ƙara daidai shi. Kai, ka ga yadda mutane suka motsa, har waɗanda suka yi shiru tun farko, kowa na ganin in bai bayar yanzu ba ya yi asarar ninki.

Akwai kuma masu jin kunyar kawo kaɗan, wani ya kira ni a gefe ya ce Sakatare abin da zan iya ba shi da yawa, kar a rubuta sunana a jeri a ga adadin. Na ce ba za a rubuta adadin kowa ba, suna kawai, kuma na ba shi labarin attajirin Amurka Michael Bloomberg, wanda shi ma injiniyan lantarki ya karanta a jami'ar Johns Hopkins ya gama a 1964, shekarar da ta biyo baya ya aika musu gudummawarsa ta farko, dala 5. A 2018 mutumin nan ya ba su dala biliyan 1.8 don tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. Ban ce abokina zai zama Bloomberg ba, mun yi dariya ma a kan haka, amma makarantar da ta karɓi dala 5 ta rubuta ta yi godiya ta ci gaba da tuntuɓa ita ce ta ga biliyan. Yawancin makarantu kuwa ba sa tuna ɗalibi sai ya yi kuɗi, shekara ashirin ba ko gaisuwa, rana ɗaya sai ga takardar roƙo.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne wa zai riƙe kuɗin. Wasu suka ce a miƙa wa makaranta kawai a huta, wasu suka ce ko kusa, in ya shiga babban asusu ya narke, za a biya wata buƙata ta gaggawa da shi kuma ba za ka iya cewa an ci ba. Su ma hukumomin makarantu suna da hujjarsu, sun fi son kyautar da ba a ɗaure ta da sharaɗi ba don su suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi, kuma mai bayarwa in ya cika sharuɗɗa sai ya koma shi ke juya makarantar daga nesa. Na yarda da wannan a manyan kyaututtuka. Amma namu ƙarami ne kuma amana ce ta mutum da yawa, don haka muka rubuta yarjejeniya shafi biyu, asusun na ɗakin gwajin ƙarfe ne kaɗai, ba a fitar da ko kwabo sai da sa hannun shugaban sashe da mutum biyu daga cikinmu, kuma duk ƙarshen zangon karatu a turo mana rasit da hoton ɗalibai a gaban injin yana aiki. Shugaban tsangaya da farko ya ɗan ɓata rai, ya ce kamar ba ku yarda da mu ba, na ce ranka ya daɗe ba kai ba ne, kujerar ce, yau kai ne gobe wani ne, mu ma a kwamitin haka. Ya yi murmushi ya sa hannu.

An kaɗa ƙuri'a a guruf, ɗakin Baba ya ci da ƙyar, masu ƙofa ba su ji daɗi ba kuma har yanzu abokina yana turo min zanenta lokaci-lokaci wai ko zan canja ra'ayi. Don a raba gardama aka amince za a manna ɗan ƙaramin allon ƙarfe a jikin injin mai ɗauke da shekarar ajinmu, shi aka ɗora wa nauyin yin sa, ya kuwa karɓa hannu bibbiyu har ya fara tambayar ko za a iya ƙara masa faɗi kaɗan. Robar ta iso makon jiya, mai saita ma'auni kuma sai ƙarshen wata. Jiya da yamma Baba ya kira ni, ya ce ya fiƙe sanduna shida ya ajiye, biyar na ɗalibai, ɗaya kuma in na samu zuwa ranar da za a tayar da injin ni zan danna, amma in tabbatar ban zo masa da makulli a aljihu ba.